Abin da Kafinta Ya Ji a Ɗakin Hoto

Wani kafinta ne da ya tashi da ciwon farfaɗiya, amma tun da ya kama shan ƙwaya safe da yamma ciwon ya lafa, har yana riƙe zarto ba fargaba. Abin da ya kasa faɗa wa kowa shi ne, bayan aure jikinsa ya daina ba shi haɗin kai. Sha'awa ta yi sanyi, ƙarfin ma sai da ƙyar. Shekaru suka tura, gidan shiru ba haihuwa, dangi kuma suka sa wa matar ido.

Ranar ganin likita sai ga ta ta rataya jaka ta biyo shi.

"Ina kuma za ki?"

"Inda za ka, maigida. Kai in ka shiga, 'lafiya lau' kaɗai ka iya."

Ai kuwa likitar na tambayarsa ya ce lafiya lau. Matar ta sunkuyar da kai, ta zayyane komai a hankali. Shi dai ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Likitar ko a jikinta.

"Malam, ba kai kaɗai ba ne. Ciwon kansa yana taɓa wannan ɓangaren, wasu magungunan ma suna rage sha'awa da ƙarfin maniyyi. Kada ka kuskura ka daina sha da kanka. Za mu auna ka, mu sauya maka wani sannu a hankali."

Sauyin bai zo da sauƙi ba. Wata rana ya faɗi a shago cikin garin katako, ya datse harshe, ya rantse shi da sabon magani har abada. Matar ta goge masa baki ta lallashe shi. Da aka daidaita awon maganin, jiki ya dawo, gidan ma ya koma da dariya.

Can wata safiya ta ce ƙanshin fentin da ke rigarsa na tayar mata da zuciya. Makonni kaɗan bayan haka suna ɗakin hoton ciki a asibiti, mai na'ura na goga mata wani abu a mara. Allon duk hazo-hazo, kafinta bai gane komai ba. Sai wata ƙara ta cika ɗakin, fat-fat-fat, da sauri kamar ana gudu.

"Injin ne ya samu matsala?"

Mai na'urar ta ƙyalƙyale da dariya. "Zuciyar ɗanka ce, malam."

Ya nemi kujera ya zauna. "Girmansa kamar yaya?"

"Bai kai babban yatsanka ba."

Ya ɗaga yatsan, duk tabon kurfi da guduma, ya ƙura masa ido. Abu ƙanƙane haka, har da zuciya a ciki, tana aikinta ba wanda ya sa ta!

"Ikon Allah," ya ce. "Shi ma zai gaji ciwona?"

"Yawancinsu ba sa gadonsa. Ka tambayi likitarka, za ta yi maka bayani."

Ta kai hannu za ta kashe na'urar. Kafinta ya yi wuf ya miƙe.

"Don Allah, baiwar Allah, ɗan bar shi tukuna."