Fanka a Gefen Na'urar Amarya

Kwana shida ke nan, duk kiran bidiyon da mijinta ya yi daga garin da yake aiki, katsewa yake kafin minti goma. Amarya har ta fara kuka a ɓoye, tana zaton ya gaji da ita.

Da yayarta ta ji labari, sai ta yaye ƙyallen adon da Amarya ta lulluɓe na'urar intanet da shi. Na'urar ta yi zafi rau.

"Ke, dafa ta kike yi? Bawan Allah ba shi da laifi."

Ta jona ƙaramar fanka a gefenta.

Da yamma ya kira. Rabin awa ta wuce, yana nan yana zuba mata hira. Amarya ta sauke ajiyar zuciya, ta gyara zama.

"Ci gaba, ina jin ka."