Tela da Farcen Ƙafarsa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mun baza kunnuwa.

An yi wani tela da ya shekara talatin yana taka keken ɗinki a ɗan shagonsa mai taga ɗaya. Da ƙafar dama yake takawa, ita ce ke ci da gidan. To, sai farcen babban ɗan yatsan wannan ƙafa ya lanƙwasa ya soma shiga nama.

Kun san halin tela, duk abin da ya yi yawa datse shi ake yi. Ya ɗora ƙafa a kan benci, ya ɗauko ƙaramin almakashin yanke zare, ya zagaye gefen farcen kamar yana fitar da wuyan riga. Ya ji sauƙi na 'yan kwanaki. Da farcen ya sake tsirowa sai ya zo da tsini, ya nutse fiye da na da.

Matarsa ta kawo ruwan ɗumi da gishiri a roba, ta ajiye a gabansa.

Ta ce, "Baban yara, tsoma ƙafar nan. Kuma a miƙe ake yanke farce, ba a yi masa kwana."

Ya ce, "Yau kuma ni za a koya wa yanka?"

"Yadi ka iya yankawa. In ka ɓata yadi a sayo wani. Yatsa fa, a wace kasuwa? Ka manta likita ya ce mai ciwon suga ba ya wasa da ƙafa?"

Bai manta ba. Amma ya karɓi ɗinkin kayan makaranta, ga hutu ya kusa ƙarewa, ya kuma san in ya je asibiti cewa za a yi ya ɗaga ƙafa mako biyu. Sai ya sake yankawa, ya tono sauran da allura, ya ɗiga man keke a wurin. Wai abin da ke hana ƙarfe tsatsa ai ba zai cuci nama ba. Ya naɗe da ƙyallen da ya tsinta a ƙarƙashin tebur, ya koma takawa yana cije leɓe.

Ana nan, wata safiya ya fito tsakar gida yana murmushi, ya ce ciwo ya tafi.

Ran nan 'yarsu ta zo gaishe su daga gidan mijinta. Tana zama ta yamutsa fuska.

"Inna, ɓera ya mutu a ɗakin nan ne?"

Uwar ta nuna ƙafar da haɓa. 'Yar ta durƙusa ta warware ƙyallen a hankali. Yatsa ya yi baƙi ƙirin har gindi.

"Baba, da zafi?"

"Ko kaɗan. Na gaya wa uwarki ya warke, gardama ce da ita."

'Yar ta danna wurin da ƙarfi. Shi kuwa yana ta ba ta labarin wandunan da suka rage masa, bai ma san ta taɓa shi ba. Sai ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma.

A asibiti aka cire yatsan. Bayan wata guda aka ce abin ya haura, aka cire rabin ƙafar. Da ya dawo ya gwada takawa da hagu, keken ya riƙa juyawa baya, zare na tsinkewa. Ya gwada har sau uku, sannan ya rufe shi da zane.

Kayan makaranta wani tela ne ya ƙarasa su. Shagon kuwa, wani mai gyaran waya ne ya kama hayarsa. 'Yar ta koma gidanta, tana zuwa duk mako ta wanke masa ciwon. Matar ta fara wankau a unguwa. Shi kuma yana zaune a ƙofar ɗaki yana sa wa mutane maɓalli da hannu, ranar da aka kawo.