Bindigar da aka yi wa aron sakata

Tun ranar da Kabo ya shigo gidan da abu naɗe a cikin bargo Maimuna ba ta yarda da shi ba. Mutum in zai kawo gyara ai gaba ɗaya yake kawowa. Shi kuwa sai ya kawo gangar jikin bindigar ran Asabar, ya kawo sakatarta ran Litinin a cikin buhun gawayi. Sakata ita ce ƙarfen nan da ake ja baya a tura gaba, a kulle harsashi a ciki.

Mijinta Wada maƙeri ne. A can gida bindigar toka yake ƙera wa maharba, amma tun da suka ƙetaro ta Sudan suka zauna a unguwar Kudai kusa da Harami, a ƙasa mai tsarki, risho da kwado yake gyarawa, da su yake ciyar da ita da 'ya'ya biyar. Da ya ga bindigar nan sai jikinsa ya hau rawa kamar ya ga ɗan'uwa.

Kabo dillali ne, ta Cadi ya zo. Ya ce bindigar ta wani Badawi ce, Balaraben jeji, tun zamanin Turkawa, za a yi harbin biki da ita ran Alhamis. Sakatarta ta asali ta ɓace, wannan ta wata ce aka samo.

Maimuna tana daga bakin labule tana tsince shinkafa ta ce, "To me ya hana a kai wa mutumin Yaman ɗin nan na kasuwa? Ba aikinsa ke nan ba?"

"Haba ya Hajja, ga na gida?" in ji Kabo. "Malam, uwargidan nan taka da namiji ce da an ba ta aikin shurɗa, ta zama ɗan sanda."

Wada ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Kwana biyu yana guga yana gwadawa. Sakata ta ƙi shiga, ya ci ta da magagari har ta shiga. Ta ƙi kulluwa, ya ƙara ci har ta kullu. Maimuna ba ta san boko ba, amma ta ga tambarin da ke jikin bindigar wata ne da tauraro, na jikin sakatar kuma wani abu ne kamar hular sarki.

"Malam, waɗannan ba uwarsu ɗaya ba."

"Ƙarfe ba shi da uwa, Maimuna. In ya shiga ya zauna, kalas, magana ta ƙare."

"A bindigar toka ke nan. Wannan ka taɓa yin irinta?"

Ya ci gaba da guga. Ta san abin da ke gaba. A gidan su Wada maƙerin da ya gama bindiga shi zai fara harba ta, a kafaɗarsa, kuncinsa a jikin ƙota, wato katakon gindin bindigar. Wanda ya ƙi ya zubar da sunan ubansa. Kabo ma ya san da haka, shi ya sa yake ta zuga shi yana cewa jikan maƙera.

Ran Laraba da ta dawo daga Harami bayan azahar, ta biya gidan Isa mai walda, wanda aka ce mako uku ke nan yana ciwon ido. Matarsa Shatu ta ce ƙura ce ta shige masa. Maimuna ta leƙa ta gaishe shi. Rabin fuskarsa a ɗaure, gira babu, kuncin duk ɗigo-ɗigo baƙi. Ta ce Allah ya sawwaƙe, sannan ta ce, "Kabo yana gaishe ka." Sai Isa ya juya fuska bango, Shatu ta hau gyaran tabarmar da ba ta karkace ba. Maimuna ba ta ƙara tambaya ba. Wanda ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ba zai ce bindiga ta taɓa shi ba.

Ta gaya wa Wada. Ya ce zato zunubi ne, kuma Isa mai walda ne ba maƙeri ba.

Da hantsin Alhamis Kabo ya zo da a-kori-kura, don ba a harbi a cikin yankin Harami, sai an wuce alamar iyaka ta hanyar Yaman. Maimuna ta kwance igiyar akuyarta ta cusa a jaka, ta yafa mayafi ta hau baya.

"Ina kuma za ki?" in ji Wada.

"Kallon biki."

A wani kwari mai duwatsu suka tsaya. Wada ya sa harsashi, ya kulle sakata, ya ɗora ƙota a kafaɗa. Maimuna Kabo take kallo. Ya ja gefe can nesa, ya tsaya bayan mota, ya jawo rawaninsa ya rufe fuska tun ba a yi komai ba.

Ta taka ta je ta kara kuncinta a ɗaya gefen ƙotar, numfashinta a gemun mijinta.

"Bismillah, harba."

"Ke, matsa!"

"Ba ka ce ta zauna ba? In ta zauna, me zai same ni? Idon da muke ci da shi ne za ka sa a nan, gara a haɗa da nawa."

Yatsansa yana kan kunamar bindigar. Can sai ya sauke bindigar a hankali.

Ta ɗaga murya: "Kabo! Kai da ka san Badawin, zo ka taya Malam riƙewa mana."

"Ni ai ba maƙeri ba ne, ya Hajja. Kuma kafaɗata tana ciwo."

Wada ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙa mata hannu ba tare da ya dube ta ba, ta sa masa igiyar. Ya danne bindigar da duwatsu, bakinta yana kallon tsauni, ya ɗaura igiya a kunama, suka koma bayan wani babban dutse. Ya yi bismillah ya ja.

Ƙarar ba irin ta harbi ba ce. Da hayaƙi ya lafa suka leƙa: ƙota ta tsage gida biyu, wurin da kunci yake zama ya yi baƙi ƙirin, sakatar kuwa sai a bayansu Wada ya tsinto ta, ta lanƙwashe, da zafinta.

Kabo ya fito yana salati yana cewa wallahi shi ma kawo masa aka yi, Isa ne bai iya ba. Babu wanda ya tambaye shi zancen Isa.

Wada ya zauna a ƙasa, ya sa hannu ya shafa idonsa na dama, ya sake shafawa. Maimuna ta ce alhamdulillahi sau uku, ta naɗe igiyarta.

"Malam, tashi. Akwai risho biyu na jiranka, kuma na bar akuya a sake."