Ninki Hamsin a Bakin Ɗakin Tiyata

Rahamatu na shigowa barandar asibitin da kular kunu a hannu ta hango bayan Inna cikin koriyar riga, wata nas na riƙe da ita, ƙofar ɗakin tiyata ta rufe a kansu. Babur ɗin da ya ɗauko ta daga Roni ne ya yi faci a hanya, kafin su iso Kazaure hantsi ya ɗaga.

"Adda, sai yanzu?" in ji ƙanwarta Sadiyya, tana matsa mata a kan benci.

Rahamatu ta durƙusa ta gaida Kawu Yakubu, ƙanin Inna, wanda ya baro rumfarsa ta hatsi a Babura tun da sassafe. Ya amsa, ya tambayi maigidanta da yara, sannan ya koma kan zancen da ta katse masa.

"Nake ce miki Sadiyya, shekara biyu yanar nan na rufe idon yayata, muna ta za a yi, za a yi. Sai ga shi ke autar gida kin fitar da dubu ɗari da tamanin a tashi ɗaya. Daga waya fa! Ni shekarata talatin ina awon gero ban taɓa ganin irin wannan kasuwa ba. Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Kawu. Ai Adda ce ta koya mini."

"To ke Rahamatu, yaya aka yi ɗaliba ta wuce malama?" Ya yi dariya, ba da wata manufa ba.

Ita ma ta yi dariyar, ta ajiye kular tsakanin ƙafafunta.

Wata goma sha huɗu ke nan tana saye da sayar da kirifto, wato kuɗin intanet, a waya, lokacin hutu a ofishin da take aikin ajiye fayil, da kuma bayan la'asar in ta ɗora tukunya. Da dubu ɗari da hamsin ta fara, cikin wata huɗu rabinsu ya tafi. Daga nan ta dakata, ta sayi littafin rubutu na 'yan firamare, duk cinikin da ta shiga sai ta rubuta dalilin shigarta da inda ta yi kuskure. Ta kafa wa kanta doka: ba ta sa fiye da kashi biyu cikin ɗari na jarinta a hatsari, kuma ba ta shiga ciniki sai ta sa birki, wato wurin da manhajar za ta rufe da kanta in farashi ya juya mata baya. A wata mai kyau takan samu dubu goma sha biyu ko sha biyar. Wani watan kuma asara ce. Ribar take cirewa tana tarawa don idon Inna, ba ta gaya wa kowa ba, so take sai ya cika ta kai da hannunta. Ya kai dubu casa'in da huɗu.

Sadiyya kuwa wata uku da suka wuce ta je mata yini a Roni, ta gan ta tana kallon layuka ja da kore, ta ce sai an nuna mata. Rahamatu ta buɗe mata asusu, ta nuna mata inda ake dannawa, ta miƙa mata littafin ta karanta. Sadiyya ta buɗe shafi biyu ta mayar mata. Ta shiga wani guruf na hira a waya inda wani da suke kira Oga yake turo abin da za a saya, ta zuba dubu sittin na adashinta. Ga su yau a kan benci ɗaya, sabuwar atamfar Sadiyya na ɗaukar ido.

Kawu ya miƙe ya ce bari ya leƙa wajen wani abokin cinikinsa a bakin tasha kafin a fito da Inna. Yana fita Sadiyya ta zaro waya daga jaka.

"Adda, duba mini wannan. Tun safe yake sauka. Wannan jan layin na ƙasa fa, mene ne shi? Kullum ina ganinsa ban taɓa tambaya ba."

Rahamatu ta karɓa. Kallo ɗaya ta yi ta gane komai. Dubu ɗari shida ne, duk abin da Sadiyya ta mallaka, a ciniki guda, da ninki hamsin. Ninki yana sa kowace naira ta yi aikin naira hamsin, a riba da asara duka. Babu birki. An riga an ci dubu ɗari da hamsin. Jan layin kuwa shi ne inda in farashi ya taɓa, manhajar za ta share kuɗin gaba ɗaya, ko sisi ba zai rage ba. Bai yi nisa ba.

Ta buɗe baki za ta gaya mata, sai ta fasa.

"Ƙishirwa nake ji," ta ce, ta miƙa mata wayar. "Bari in sayo ruwa in dawo in duba sosai."

A bakin ƙofar asibitin ta sayi ruwan leda biyu, ta tsaya a inuwar darbejiya ba ta fasa ko ɗaya ba. Ta ga abin a ranta tas: Sadiyya na kuka, Kawu na girgiza kai yana cewa ashe caca ce, Inna na cewa ai Rahamatu ce mai natsuwa tun tana ƙarama. Ta ga kanta tana rarrashin ƙanwar, tana buɗe mata littafin daga shafin farko. Abin ya yi mata daɗi. Ba sai ta yi komai ba ma, tsayuwa kawai za ta ci gaba da yi a nan. Wata goma sha huɗu tana hana kanta, tana ganin dama tana ƙyalewa don ba ta cika sharaɗi ba, ita kuwa wannan da ba ta ma san sunan layin da zai hallaka ta ba, ita ce ta buɗe wa Inna ido.

Wata tsohuwa ta wuce ta gabanta da auduga manne a ido ɗaya, 'yarta na jan ta a hankali. Rahamatu ta ce astagfirullah a fili, har mai ruwan ya ɗago ya dube ta. Ta duba agogon wayarta. Minti goma sha biyu sun wuce.

Da gudu-gudu ta koma.

"Ba ni wayar."

Asarar ta kai dubu ɗari biyu da arba'in.

"Sadiyya, rufe shi yanzu. Layin nan da kika tambaya, in farashi ya taɓa shi, komai ya tafi. Ba rabi ba, duka."

"Amma Oga ya ce a riƙe. Ya ce zai tashi kafin azahar."

"Oga kuɗinsa ne ko naki? In ya ƙone, shi zai biya ki?"

"Sau biyu yana sauka haka yana komawa, Adda."

"Sau biyu kin tsira. Ni sau ɗaya ya taɓa mini, na kwana uku ban iya cin abinci ba. Ki rufe."

Sadiyya ta dubi wayar, ta dubi yayarta. Ta danna. Dubu ɗari uku da sittin suka rage. Ta kifa wayar a cinya, ta goge ido da gefen mayafi.

Rahamatu ta fasa mata ruwa ɗaya. Ta ji nauyin ƙirjinta ya ragu, sai dai a ƙarƙashin wannan sauƙin akwai wani abu da ba ta so ta duba: yanzu tazarar kuɗin da ke tsakaninsu ta ragu.

Ba su yi minti ashirin ba wayar ta fara ƙara, saƙo kan saƙo. Sadiyya ta juyo da ita. Wani dogon koren layi ya miƙe sama ya wuce inda ta shiga. A guruf ɗin kuwa hotunan riba ake ta turowa, ana yi wa Oga kirari. Ta tsaya tana lissafi da leɓe.

"Da ban rufe ba, da yanzu ina da dubu ɗari tara."

Rahamatu ta karɓi wayar ta ja zanen baya. Farashin ya sauka har ya kusa gogar jan layin kafin ya juya. Tsakaninsu bai fi kaurin zare ba.

"Dubi nan. Saura ƙiris ya..."

"Amma bai taɓa ba."

"Bai taɓa ba yau. Shawarar daidai ce ko da ya tashi. Wanda zai daɗe a kasuwar nan ba ya..."

"Ni ban ga daidai ba, Adda, kuɗina na ga sun tafi." Sadiyya ta rage murya don mutanen da ke ɗaya bencin. "Tun ranar da na ce zan biya kuɗin aikin nan ba ki ƙara kirana ba sai ni na kira. Yau Kawu na magana ina kallon fuskarki. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, don ni kika ce in rufe?"

Rahamatu ta mayar mata da wayar. Ta san ko baƙuwa ce ta nuna mata wannan cinikin, abin da za ta ce ke nan. Ta kuma san abin da ta tsaya yi a gindin darbejiya.

"Ko gobe kika nuna mini irinsa, cewa zan yi ki rufe," ta ce.

Sadiyya ta matsa can ƙarshen bencin. Suka zauna kowa na kallon ƙofar tiyatar. Aka kira azahar a masallacin da ke bayan asibitin, ba wadda ta motsa. Sadiyya na ta jan zanen farashin baya tana dawo da shi, tana tsayawa a daidai inda ya kusa taɓa layin. Sau ɗaya ta sa yatsu biyu ta buɗa wurin ya yi girma, ta daɗe tana kallo.

Ƙofar ta buɗe, nas ɗin ta leƙo.

"'Yan'uwan Hajiya? An gama lafiya. Ku shigo biyu, amma ban da hayaniya."

Suka miƙe tare. Rahamatu ta sunkuya za ta ɗauki kular, sai ta ji hannun Sadiyya a kafaɗarta.

"Adda, yi haƙuri da abin da na faɗa. Zafin kuɗin ne. In mun koma gida ki nuna mini yadda ake sa birkin nan." Ta ja hanci. "Ni na san ki. Da kin lura tun lokacin da na fara nuna miki, da tuni kin faɗa, da asarar ma ba ta kai haka ba."

Rahamatu ta gyara riƙon kular.

"Da na faɗa," ta ce.

Ta tsaya ta bar Sadiyya ta fara shiga.