Ƙusa a Kantin Yaya Lawal

Cokalin ya ƙi shiga. Indo ta sake kai shi bakin yarinyar, kunun ya gangaro ta gefen haɓa ya jiƙa wuyan rigarta.

"Ebele, buɗe mana. Kunun gyaɗa ne fa, irin wanda kike so."

Yarinyar ta zuba mata ido. Haƙoranta sun haɗe gam, leɓunanta sun ja baya kamar mai murmushi, alhali hawaye ne ke bin kuncinta.

Uwarta, Ngozika, tana durƙushe a gefen katifar, ko ɗankwalin aiki ba ta cire ba. Dawowarta ke nan daga masaƙa, burbushin auduga duk a gashinta. Shekaru suka yi ƙofa da ƙofa da Indo a wannan gidan haya na Kakuri. In Ngozika na aiki, mijinta Anayo na garejinsa, a ɗakin Indo yarinyar ke ci, a nan take barci. Allah bai ba Indo haihuwa ba, amma duk unguwar ba wanda ya taɓa ganin ta tafi kasuwa ba tare da Ebele ba.

"Jiya ma wuyanta take cewa yana ciwo," in ji Ngozika da Hausarta ta Kaduna. "Na ce zazzaɓi ne, na ba ta magani. Yaya Indo, wannan wane irin zazzaɓi ne?"

 Indo ta ajiye kofin ta shiga murza wa yarinyar ƙafafu, don sun sandare kamar itace. Da ta zo ƙafar hagu sai ta ji kauri a cikin safa. Ta zare safar. Wani tsumma ne ɗaure a tafin ƙafar, ya yi baƙi da dauɗa. A ƙarƙashinsa ɗan rami ne da bai kai ƙwayar wake ba, bakinsa ya rufe, gefensa ya kumbura.

"Me ya same ki a nan?"

Maganar ta fito ta tsakanin haƙora, da ƙyar.

"Ƙusa… a kantin Alhaji. Ya ce ba komai."

Indo ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a baya. Alhaji ɗaya ne ke da kanti a layinsu, kuma shi ne Lawal, yayanta uwa ɗaya uba ɗaya.

Aka aika gareji aka kira Anayo. Ya zo da baƙin mai har gwiwar hannu, ya saɓi 'yarsa, suka tari tasi suka haye gada zuwa asibiti. Duk sanda motar ta faɗa rami, sai yarinyar ta banƙare, bayanta ya lanƙwashe, su uku su kasa riƙe ta.

Wata sista mai suna Martha ce ta karɓe su. Ta duba ƙafar, ta duba bakin, ta tambayi yaushe abin ya faru. Ba wanda ya sani. Indo ce ta tuna ranar da madara da sabulu suka iso kantin, ranar da layi ya kai har bakin kwata, Ngozika ta aiki Ebele ta kama mata wuri. An fi mako da yin haka.

Sista Martha ta girgiza kai.

"Tetanos ne, ciwon nan mai sarƙe haƙora. Ku iyaye kuna ba ni mamaki. Da a ranar kuka kawo ta, a wanke ciwon a yi mata allura, da yanzu tana makaranta."

"Ba mu sani ba," in ji Ngozika. "Wallahi ba wanda ya gaya mana."

Aka kwantar da Ebele a wani ɗaki mai duhu, aka rufe tagogi, aka ce ko tari mai ƙarfi kada a yi kusa da ita. Indo ta tsaya a baranda, kalmar "ku iyaye" tana yi mata yawo a ka. Sai ta gyara mayafi ta fita.

Ta iske kantin cike. Zamanin da kaya ke wuya ne, gwangwanin madara ya fi dangi daraja, mutane na tura juna a bakin kanta. Alhaji Lawal na tsaye yana miƙa kaya, gumi ya jiƙa masa hula. A gefen ƙofa ga tarin akwatunan katako da aka fasa, ƙusoshinsu a waje, jajaye da tsatsa.

"Yaya, fito."

"Indo, ba ki ganin jama'a? Bari sai an jima."

"Ka fito, ko in faɗa a nan kowa ya ji."

Ya dube ta, ya ga idonta, ya zagayo ta baya inda ake tara kwalaye.

"'Yar Ngozika ta taka ƙusa a kantinka?"

"Wace? Au, ƙaramar nan. Ai ɗan ƙwarzane ne. Na zuba mata ruwa, na ɗaure mata, har alewa na ba ta. Ko kuka ba ta yi ba."

"Tana asibiti. Bakinta ya rufe. Sun ce sai abin da Allah ya yi."

Alhaji ya yi salati, ya dafa bango. Amma nan da nan ya miƙe, muryarsa ta canza.

"To, ni na aike ta ta taka? Ranar mutum nawa ne a nan? Kowa ya yi tuntuɓe sai in rufe kanti in bi shi gida ina tambayar ya ya kwana? Ni ɗan kasuwa ne, ba likita ba."

"Wa ya ce ka zama likita? Baki kawai za ka buɗe."

"Kin san mutanen nan. Da na je na ce a kantina ne, sai su ɗauko mini 'yan sanda. Yanzu da ƙaramin dalili sojoji ke rufe wa mutum kanti."

"Mutanen nan?" Indo ta matso har sai da ya ja baya. "Mutanen nan ne suka kwana da ni a asibiti da aka yi mini aiki, kai kana Kano wajen sari. Yaya, ranar Juma'a ka zo gidana. Ka zauna a tabarmata ka ci tuwo. Yarinyar nan ita ta kawo maka ruwan wanke hannu, ta durƙusa ta gaishe ka. Ka dube ta. Uwarta na bakin famfo tana wanki, tsakaninka da ita bai kai tsawon tabarmar ba. Kalma ɗaya ta gagare ka? 'Ya ƙafar?' Shi ke nan fa! Da ka faɗa, da na ji, da na duba!"

"Na manta ne."

"Ba ka manta ba. Da bashi take da shi a wurinka, da ka tuna."

Masu layi sun fara leƙowa. Alhaji ya rage murya.

"Ki rufa mini asiri, Indo. Ni yayanki ne."

"Shi ya sa na zo da ƙafata ban aiko ba."

Ta juya. A bakin ƙofa ta tsaya, ta ɗauki katakon farko ta wurga shi cikin kwata, ta ɗauki na biyu, ta ɗauki na uku. Ba wanda ya hana ta. Wata tsohuwa a layi ta janye jikanta gefe, ta duba ƙasa.

Ebele ba ta daɗe ba. Kwanakin da suka rage ta yi su ne a ɗakin nan mai duhu, ana yi mata allurar barci, uwarta da Indo na karɓeɓeniyar zama. Ba a yarda a taɓa ta da yawa ba, don taɓawar ma na tayar da ciwon. Wannan ya fi komai ci wa Indo rai: yarinyar da ta goya, ga ta a gabanta, amma ba halin ta ɗora mata hannu. Wata rana da la'asar, ana zafi kamar gari zai kama da wuta, Ngozika ta fito baranda ta zauna a ƙasa, ta zare takalmanta ta ajiye a gefe. Indo na ganin haka ta san Ebele ta cika.

Washegari aka binne ta. Matan cocin su Ngozika suka cika tsakar gida, suna waƙa a hankali cikin harshensu. Matan Hausawa na layin suka zauna a ɗaya gefen, ana shigo da kwanonin abinci da ba mai ci. Abokan aikin Anayo sun tsare shi a ɗaki, don tun daga makabarta yake cewa shi kanti zai nufa.

Ana cikin haka sai aka ce da Indo tana da baƙo a waje. Alhaji Lawal ne, rungume da kwalin madara.

"Ki shigar musu da wannan. Ki ce ina yi musu gaisuwa."

Indo ta dubi kwalin, ta dube shi.

"Wa zai sha?"

"Indo…"

"Ajiye shi nan waje. In gaisuwa ka zo, ga ƙofa. Ka shiga da bakinka."

Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya ajiye kwalin a bakin kwata, ya cire takalmi ya shiga. Waƙar ta tsaya. Ya durƙusa nesa kaɗan da Ngozika, ya fara jero gaisuwar da aka saba, Allah ya ba da haƙuri, Allah ya sa mai ceto ce.  Sai da ya ƙare Ngozika ta ɗago.

"Alhaji, me ta ce maka ranar?"

Ya sunkuyar da kai.

"Cewa ta yi kada in gaya miki. Wai kin hana ta fita ba takalmi, za ki yi faɗa."

Ngozika ta gyaɗa kai a hankali, kamar mai auna maganar.

"Ita yarinya ce, ta ji tsoron faɗa. Kai me ka ji tsoro?"

Alhaji ya ƙara sunkuyar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Da ka zo, ko kwabo ba zan tambaye ka ba. Da na yi mata faɗa, ta yi kuka, in kai ta asibiti. Shi ke nan. Tashi ka tafi, kafin babanta ya fito."

Ya tashi. Indo ba ta raka shi ba. Da ya kai ƙofa ya waiwayo yana neman idonta, ta kau da kai. Tun daga ranar, in tana bukatar gishiri ko ashana, sai ta wuce kantinsa ta taka har kasuwa. Dangi sun yi magana, an ce jini ya fi ruwa kauri, an ce ƙaddara ce. Ta ce ta yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta ɗinke wa kowa baki ba.

Bayan 'yan zaman makoki sun watse, aka kwashe bencina da tabarmi. Ngozika ta koma masaƙa, don ba a ba ta hutu mai tsawo ba. Da safe gidan ya yi tsit, Indo ta ɗauki tsintsiya ta fara shara daga bakin famfo. Da ta zo lungun bayan ɗakinta, inda rumfa ke tare rana, sai ta ga zanen 'yar gala-gala a kan siminti, an ja shi da alli, layukan sun karkace. Ɗan fasasshen kasko na nan a gida na uku, inda Ebele ta jefa shi.

Ta tsaya da tsintsiya a hannu. Can ta sunkuya ta share gefe da gefe, ta zagaye zanen, ta wuce.