Ismet Ya Koma Atisaye

Nedyalko yana ƙoƙarin faka bas a tashar Razgrad sai wayarsa ta yi ƙara. Sevgyul ce, 'yar abokinsa Ismet.

"Kawu, Baba ya fita tun da safe, ko rigar sanyi bai ɗauka ba. Na duba masallaci, na duba asibiti."

"Jakar nan tasa shuɗiya tana nan?"

Ya ji tana buɗe kabad. "Ba ta nan."

"To, daina nema. Na san inda yake."

Ya bar wa wani direba aikin rana, ya shiga tsohuwar motarsa ya nufi ƙaramar kwalejin noma da ke bayan gari. Shekara goma sha huɗu ke nan da ta rufe sashen kokawa. Ɗalibanta ba su taɓa kai ɗari uku ba, amma ta fitar da zakarun ƙasa har biyar, duk a hannun koci ɗaya da ake kira Bai Tsvetan. Kocin ya rasu shekarar da aka rufe ɗakin. Uku cikin zakarun sun bi shi. Saura Nedyalko da Ismet, ƙaton da babu wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa, wanda yanzu yakan manta sunan 'yarsa.

Maigadi ya girgiza kai. "Babu wanda ya shiga. Kwaɗon can ma ban san inda makullinsa yake ba."

Kwaɗon kuwa yana nan a garƙame, ya yi tsatsa. Amma da Nedyalko ya kanga kunne a ƙofar, ya ji ana jan ƙafa a ciki. Ya zagaya baya cikin dusar ƙanƙara, ya tarar da ƙaramar tagar da suke satar fita ta cikinta suna ɗalibai a buɗe. Da ƙyar ya cusa kansa.

An kwashe katifun tuntuni, sai siminti da buhunan taki a jingine. Duk da haka ɗakin na warin gumi da man zafi, kamar jiya aka tashi. Ismet na tsaye a tsakiya cikin jar rigar kokawa da ta yi masa yawa, ya sunkuya, hannuwansa a gaba, yana zagaya wani da ba a gani. Tururi na fita daga bakinsa.

"Ga malalacin ya iso," in ji shi, bai ko waiwayo ba. "Kostadin ya ce gurasar banitsa ka tsaya ci."

Nedyalko da kansa ya ɗauki gawar Kostadin, ɗaya daga zakarun ukun da suka rasu, zuwa kabari.

"Kai ƙato, za ka daskare. Zo mu tafi, Sevgyul na kuka."

"Wace ce haka?" Ismet ya dubi kusurwar da kujerar koci take zama a da, ya gyaɗa kai kamar mai karɓar umarni. "Ya ce ba mai fita sai an kayar da wani. Tuɓe."

Leɓɓansa sun riga sun yi shuɗi. Nedyalko ya san ko mutum huɗu ba za su ja shi ta tagar nan da ƙarfi ba. Ya cire rigar sanyinsa, ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya sunkuya.

Suka kama juna. Hannun Ismet ya sauka a ƙeyarsa daidai inda ya saba sauka, sai dai jikin ba nauyi, ƙashi zalla. Shekara shida Nedyalko ya yi yana neman kayar da mutumin nan bai samu ba. Yau da ya ɗan murɗa ƙugu, shi ke nan. Ya ji damar a ƙafarsa, ya bar ta ta wuce. Ya saki gwiwa, ya tafi ƙasa a hankali, Ismet a kansa, har kafaɗunsa biyu suka taɓa siminti.

Daga kusurwar aka ji tas! sau ɗaya, irin bugun da alƙalin wasa ke yi wa katifa da tafin hannu.

Nedyalko ya ɗaga kai. Buhuna ne kawai a wurin. Ya gaya wa kansa tagar ce iska ta buga, bai kuma juya ya duba ta ba.

A mota ya lulluɓe Ismet, ya kunna ɗumi, ya kira Sevgyul ya ce ta dafa shayi. Sun kusa shiga gari Ismet ya yi magana, muryarsa garau kamar ta da.

"Da gangan ka faɗi, Nedyalko."

"Ƙarya kake, tsohon banza. Ƙafata ce ta zame."

"Koci ya gani. Ransa ya ɓaci. Ya ce a sake ranar Asabar, ƙarfe goma, kuma ka zo da takalmanka."

Nedyalko ya tsaya a danja.

"Ka ce masa zan zo," in ji shi.