Jar Motar Ettore

Mailafiya yana jiran fasinja a unguwar Misfala ta Makka sai Lurwanu direban babbar mota ya leƙo ta taga ya ce, "Akwai wani Bature a Jidda, ɗan Italiya, yana ɗingishi. Kowane gareji sai ya shiga yana tambayar Mailafiya na Asmara."

Ran nan bai ƙara ɗaukar kowa ba. Ya zaga Misfala, ya hau unguwar Nakkasa, ya sauko, ya rasa inda zai tsaya.

Shekarun baya, a hanyarsa ta zuwa Makka daga Damagaram, ya yada zango a Asmara, ya kama kanikanci a garejin Ettore Baldani. Ettore direban tsere ne. Da tsohuwar motar ubansa ya fara, a titin nan mai kwana-kwana da ke gangarawa Massawa a bakin teku, Mailafiya na gefensa yana salati. Da ya ga ba sauran mai ja da shi a Asmara sai ya koma ƙasarsu. Mailafiya kuwa ya haye teku, ya yi hajji, ya auri Hure, ya zauna ba takarda, yana jan tasin wani Balarabe.

A gida ya kasa cin abinci. Hure ta ce, "Malam, je ka gan shi mana. Wannan kai-kawon ya ishe ni."

Washegari ya same shi kusa da tashar jiragen ruwa. Ettore ya yi furfura, ya rungume shi har da hawaye. Ya ba shi labari: wani kamfani ya ɗauke shi, ya yi tsere a duwatsun Sisili na Italiya, sau biyu yana zuwa na biyu. Daga baya taya ta fashe, motar ta daki katanga, ƙafarsa ta karye, kamfanin ya sallame shi. Yanzu wata jar mota ya kawo wa wani attajirin Jidda.

"Na sayi tawa a gida," in ji Ettore. "Tsohuwa ce, amma zan sake shiga tsere. Zo mu tafi. Ban yarda kowa ya taɓa min birki ba sai kai."

Ya miƙa masa makullin jar motar. Suka kama hanyar Makka, Mailafiya a kan sitiyari. Ya taka ta, iska ta cire masa hula, ya ji kansa yana ihu da Italiyancin da ya zaci ya manta. Sai ga allon nan da ke hana wanda ba Musulmi ba wucewa. Ya tsaya.

"Ettore, ba ni da iƙama, takardar zama. In na fita ba dawowa. Hure kuma tana da ciki."

Ettore ya zagayo ya karɓi sitiyari.

A hajjin 1965 wani alhaji daga Asmara ya shiga tasin Mailafiya, ya ce ya ji Ettore ya shiga tseren, motar ta mutu masa a tsakiyar hanya, amma wai Ettore ya ce baɗi ma zai koma.

"Me ya lalace? Inji ne ko giya?"

"Wallahi ban sani ba."

Mailafiya ya wuce masaukin alhajin bai lura ba, yana ta jero masa tambayoyi.